Masu Auna Lokaci a Wasan da Ba Shi da Agogo

Kowace yamma a cikin watan Maris, a garin Indian Wells da ke hamadar kudancin Kalifoniya, akwai wata takarda da ɗaruruwan mutane ke zaman jira. Shafi guda ce tak. A samanta an jera sunayen filaye, a ƙarƙashin kowane fili kuma an rubuta wace za ta kara da wace gobe, da wasan da zai buɗe fage, da waɗanda za su biyo bayansa. 'Yar wasa ba ta san ƙarfe nawa za ta kwanta ba sai ta ga takardar nan. Direban da zai ɗauko ta daga masauki, da mai ɗaure mata igiyar raket, da gidan talabijin da ke Warsaw ko Beijing, da ɗan kallon da ya yanki tikiti tun watanni da suka wuce, kowa ita yake jira. In ta fito aka wayi gari komai ya tafi daidai, ba mai tambayar su wa suka rubuta ta. Sai ranar da ta ɓaci ake neman sunayensu.

Abin da ya sa rubuta shafin nan ya zama gwaninta shi ne wasan tanis ba shi da agogo. Mai shirya ƙwallon ƙafa ya san minti casa'in ne da ɗan ƙari, ya san lokacin da za a watse. A tanis kuwa, sai wata ta ci turmi biyu cikin uku ake tashi, ko da yaushe ne hakan ta faru. A wasan ƙarshe na gasar Montreal ta 2023, Jessica Pegula ta gama da Liudmila Samsonova cikin minti 49. A wasan ƙarshe na Madrid a 2024, Iga Swiatek da Aryna Sabalenka sun shafe awa uku da minti 11 suna gwabzawa, har sau uku Swiatek tana kuɓuta daga bakin faɗuwa kafin ta ɗauki kofi. Can baya a 1984, a garin Richmond na Amurka, Vicki Nelson da Jean Hepner sun yi awa shida da minti 31 a kan turmi biyu kacal, kuma a cikin wasan akwai maki ɗaya da sai da ƙwallo ta yi kai-kawo sau 643 kafin a san mai shi. To ka ɗauki wasanni irin waɗannan, waɗanda ba wanda ya san tsawonsu, ka jera huɗu ko biyar a fili ɗaya, ka yi haka a filaye tara, kwana goma sha biyu a jere, sannan ka yi wa duniya alkawarin cewa ranar Lahadin ƙarshe da ƙarfe kaza za a buga wasan kofi. Aikin ke nan.

Kafin mu shiga ɗakin da ake wannan lissafi, ya kamata a san tsanin da gasar ke kansa. Ƙungiyar WTA, wadda ke tafiyar da zagayen gasannin mata na shekara, an kafa ta ne a 1973 a wani otal a Landan, ana gab da fara Wimbledon, bisa jagorancin Billie Jean King. Shekara uku kafin nan ita da wasu mata takwas suka sa hannu a kwantiragin dala ɗai-ɗai da Gladys Heldman, suka buga gasarsu ta kansu a Houston, don sun gaji da karɓar ɗan abin da ya rage bayan an sallami maza. Daga wannan dala ɗaya aka taso. Matakan gasa sun sha sauya suna, amma tun 2021 aka daidaita su da lambobi: akwai 125, akwai 250, akwai 500, akwai 1000, kuma lambar tana nuna makin da zakara ke samu. Manyan gasanni huɗu na duniya, wato na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da na Amurka, suna ba da maki 2000, sai dai ba a hannun WTA suke ba. Saboda haka a cikin gidan WTA, in ka cire gasar rufe shekara ta gwanaye takwas, matakin 1000 ne ƙololuwa.

Tun 2024 guda goma ne, kuma an jera su ne suna bin yanayi kamar makiyayi mai bin ciyawa. A Fabrairu ana Doha da Dubai, lokacin da zafin yankin bai kankama ba. Maris na Indian Wells da Miami ne. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu a koma jar ƙasa a Madrid da Roma, don ƙafa ta saba da zamewa kafin gasar Faransa. A Agusta sai Kanada, inda Montreal da Toronto ke karɓa-karɓa, da kuma Cincinnati, share fagen gasar Amurka. Kaka kuma ta Beijing da Wuhan ce. A kan ciyawa babu ko ɗaya, don kakarta gajeriya ce. Kowane mako a wannan kalanda dukiya ce da ake saye da sayarwa. Attajirin nan Larry Ellison ya sayi gasar Indian Wells da filinta a 2009, kamfanin Ben Navarro kuma ya sayi ta Cincinnati a 2022. Mai gasa shi ke neman kuɗin kyauta da masu tallafi da masauki da motoci, WTA kuma ta kawo masa dokoki da jami'ai da maki, da abin da ya fi komai tsada, wato tabbacin cewa manyan 'yan wasa za su zo. Zuwa gasannin nan goma wajibi ne a kan wadda matsayinta ya kai. In ta ƙi ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, sifiri za a rubuta mata a lissafin makinta. Shi kuwa lissafin na makonni 52 ne masu juyawa, makin da ta samu bara a wannan mako zai zube in makon ya zagayo, sai dai ta sake nemo shi da guminta.

A Indian Wells mata 96 ne ke shiga babban jadawalin wasan ɗaiɗai. Mafi yawansu matsayinsu a jerin gwanayen duniya ne ya ba su kujera, tun makonni kafin gasa ake rufe rajista a fitar da sunaye. Goma sha biyu suna shigowa ta wasannin share fage, inda mata 48 ke kokawar guraben cikin kwana biyu, galibi a gaban kujerun da ba kowa. Sauran 'yan guraben kuma na alfarma ne, masu gasa ke ba wanda suka ga dama. Nan ne wuri na farko da idon daraktan gasa ke nuna kansa. Gurbin alfarma yakan tafi ga 'yar ƙasa, ko ga tsohuwar gwana da ta dawo daga jinya, ko ga yarinyar da aka hango wani abu a hannunta. A 2019 Indian Wells ta ba Bianca Andreescu, 'yar shekara 18, irin wannan gurbi, ta kuwa tafi da kofin. A 2025 Montreal ta ba Victoria Mboko, 'yar Kanada da iyayenta suka fito daga Kwango, ita ma tana da shekara 18, ta doke Naomi Osaka a wasan ƙarshe. Akwai kuma wata ƙofa ta masu rabo: wadda ta faɗi a share fage ba ta tattara kayanta nan take, takan zo kullum da safe ta sa hannu ta zauna, ko wata ta janye a kira ta. Ta wannan ƙofa Coco Gauff ta shiga gasar Linz a 2019 tana da shekara 15, kuma da kofinta na farko ta fita.

Me ya sa 96, ba 100 ba? Domin gasar sili-ɗaya-ƙwale tana son lambar da za ta yi ta rabuwa biyu har ta kai ɗaya: 128, 64, 32, haka har ƙasa. Sai aka zana jadawali mai layi 128, aka bar 32 babu kowa. Manyan gwanaye 32 da aka ware su ne ke cin gajiyar waɗannan layuka, ba su buga zagayen farko, su zauna su jira a zagaye na biyu. Sauran 64 su kara, 32 su tsira, su haɗu da masu jira, lissafi ya koma 64 cif. Wajen jefa ƙuri'a kuma ba a barin komai ga sa'a kaɗai. Ta ɗaya a saman takarda take, ta biyu a can ƙasa, don kada su gamu sai a wasan ƙarshe. Ta uku da ta huɗu a yi musu ƙuri'a, ɗaya ta faɗa rabin sama ɗaya rabin ƙasa. Haka ake bi rukuni-rukuni har a zaunar da duka 32, yadda babu biyu daga cikinsu da za su haɗu kafin zagaye na uku. Bayan nan ne ake zuba sauran sunaye yadda ƙuri'a ta kawo. Wasu na ganin wannan gata ne ga waɗanda ba su buƙatar gata, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: gwanar da aka ware wasa shida za ta ci ta ɗau kofi, ta ƙasa kuwa bakwai. Amma mai gasa yana da hujjarsa. Ba ya son manyan da jama'a suka biya kuɗi don su gani su cinye juna tun ranar Laraba ta farko.

Kowace karawa tana fitar da mutum ɗaya, don haka mata 96 na nufin wasa 95. Indian Wells gasa ce ta haɗin gwiwa, maza ma suna nan da nasu 95. Ka ƙara wasannin bibbiyu na kowane ɓangare da na share fage, jimilla ta haura ɗari uku. Duk waɗannan ne za su bi ta cikin shafin nan na yamma.

Masu zama a kansa ba su da yawa. Akwai daraktan gasa, wanda a Indian Wells tsohon ɗan wasan Jamus ne, Tommy Haas. Akwai babban alƙalin gasa, akwai mai sa ido na WTA da takwaransa na ƙungiyar maza, akwai wakilan talabijin, akwai masu kawo buƙatun 'yan wasa. Kowa da abin da ya zo karewa, kuma buƙatun nan ba sa zama inuwa ɗaya.

Abu na farko da ba a taɓawa shi ne adalcin hutu. Matan da za su haɗu a zagaye na gaba ya kamata su buga wasanninsu rana ɗaya, in da hali ma a lokuta masu kusa da juna, don kada ɗaya ta zo da hutun kwana biyu ɗaya kuma ta zo da ƙafafu masu nauyi. Shi ya sa ake raba jadawali gida biyu, rabin sama yau, rabin ƙasa gobe. Wannan shawara ta ranar farko ita ke bin gasar har ƙarshe, domin rabin da ya fara shi zai yi ta samun ɗan sarari. Sai kuma matar da ta shiga ɗaiɗai ta kuma shiga bibbiyu. Ba za a sa ta a filaye biyu lokaci guda ba, kuma bisa al'ada ɗaiɗai take fara bugawa, a ba ta hutu, sannan bibbiyu. To abokiyar wasanta fa, wadda ita ma tana da nata ɗaiɗai a wani fili? Da abokan karawarsu su biyu? Wasan bibbiyu guda ɗaya yana iya ɗaure wasanni huɗu a ƙafa, ka matsar da ɗaya sauran su motsa.

Daga nan talabijin ta shigo da agogon duniya. Ƙarfe sha ɗaya na safe a Kalifoniya ya yi daidai da bakwai ko takwas na dare a Poland, lokacin da mutanen Swiatek ke zaune a gida. In aka sa ta da dare a hamada, a Warsaw ƙarfe biyu ko uku ne na tsakar dare, kowa ya yi barci. Zheng Qinwen, wadda ta ci zinare a gasar Olamfik ta Paris a 2024, lissafinta a juye yake: daren Kalifoniya hantsin Beijing ne. Masu sayar da tikiti kuma sun raba babban fili, mai ɗaukar mutum 16,100, zuwa zaman rana da zaman dare, kowanne da kuɗinsa, kowanne kuma yana son suna mai jan jama'a, a ciki har da 'yar gida irin su Gauff. Ita 'yar wasan tana da nata ra'ayi. Wata ba ta son rana, don busasshiyar iskar hamada tana sa ƙwallo ta yi ta tashi. Wata ba ta son dare, don sanyi na sauka ƙwallo ta yi nauyi. Wata ta murɗe ƙafa jiya, likitocin gasa sun nemi a jinkirta mata. Kowa yana da damar roƙo, ba kowa ake yi wa yadda yake so ba.

Makamin da suke da shi na kama lokaci kalmomi ne guda biyu ko uku. A gaban wasan farko suna rubuta ƙarfe kaza, don shi kaɗai suka tabbatar da shi. Na biyu a rubuta cewa zai biyo baya. Wani kuma a rubuta masa cewa ba zai fara kafin ƙarfe kaza ba. Wannan na ƙarshe shi ne turken da ake ɗaure yini da shi. Yana ba 'yar wasa damar sanin lokacin da za ta ci abinci ta ɗumama jiki, yana ba talabijin abin da za ta sanar. Amma in aka kafa turken da nisa, wasan gaba ya ƙare da wuri, fili zai zauna wayam mutum dubu goma sha shida suna hamma. In aka kafa shi kusa, bai tsare komai ba. Gwanin tsari ya san 'yan wasansa kamar yadda mai awo ya san mudunsa. Ya san wace ce ke gama maki da bugu uku, ya san wace ce, irin Sara Sorribes Tormo ta Sifaniya, za ta yi ta mayar da ƙwallo har abokiyar karawa ta gaji da rayuwa. In biyu masu irin wannan hali suka haɗu, ba ya sa su a gaban wasan da duniya ke jira. Kuma duk yinin yana zagaye da na'urar magana a hannu, yana duban wane fili ne ya yi gaba wane ne ya makale, don ya ɗauke wasa daga nan ya kai can tun dare bai yi ba.

In kana son ganin darajar wannan aiki, dubi makon da ya kuɓuce. A Montreal a 2023 ruwan sama ya yi ta tsinka wasanni, babban filin kuma ba shi da rufi. Ranar Juma'a Samsonova ta buga wasa biyu, ta ci duka. A daren ranar, Elena Rybakina da Daria Kasatkina suka shiga fili a makare, ba su tashi ba sai gab da ƙarfe uku na asuba. Asabar ruwa ya hana wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Rybakina da Samsonova, aka ɗaga shi zuwa Lahadi. Samsonova ta ci, ta ɗan huta, ta koma fili a ranar ta tarar da Pegula wadda ta kwana da hutunta. Minti 49 ɗin da na ambata a baya daga nan suka fito, ci 6-1 da 6-0. Ba wanda ya aiko da ruwan, amma Rybakina ta fito fili ta ɗora laifin a kan raunin shugabanci, kuma ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A watan Mayu na shekarar ma, wasan ƙarshe na mata a Roma sai wajen sha ɗaya na dare aka fara shi. A farkon 2024 ƙungiyoyin mata da na maza suka fitar da doka tare: kada a wuce wasa biyar a fili ɗaya a yini, zaman dare kada ya wuce bakwai da rabi bai fara ba, wasan da bai shiga fili ba zuwa goma da rabi a nema masa wani filin, kuma bayan sha ɗaya ba a fara sabon wasa sai da izini na musamman. Dokar ta rage ɓarna, amma ta ƙara wa masu tsari wani ƙulli a kan waɗanda suke da su.

Wannan ne ma ya sa nake sassauta wa tsarin kwana goma sha biyu, wanda Madrid da Roma suka koma a 2023, Kanada da Cincinnati suka bi a 2025. 'Yan wasa da dama sun ƙi jininsa, kuma ina ganin dalilinsu: ranar hutu a otal ba hutu ba ce, kuma wadda aka fitar tun zagayen farko sai ta yi kusan mako biyu tana kashe kuɗi ba ta samu. Amma ranakun da ke tsakani su ne ajiyar mai tsari. Ranar 28 ga Afrilun 2025, ana tsakiyar gasar Madrid, wutar lantarki ta ɗauke a kusan duk faɗin Sifaniya da Fotugal. Gauff tana tsakiyar hira a cikin fili bayan ta ci wasanta, abin magana ya mutu. Na'urar da ke yanke hukuncin layi ta tsaya, allunan maki suka yi baƙi, jiragen ƙarƙashin ƙasa suka tsaya cik. Aka soke sauran wasannin ranar. Washegari aka sake shuka jadawalin, aka cusa bashin a cikin kwanakin da suka rage, kuma ranar Asabar da aka yi alkawari tun farko Sabalenka da Gauff suka buga wasan ƙarshe.

A ƙarƙashin takardar akwai ƙananan sana'o'i da ita kanta ta dogara da su. Filin daɓe ba siminti ba ne kawai, fenti ne ake shafawa hawa-hawa gauraye da yashi, kuma yawan yashin ne ke sa ƙwallo ta yi sauri ko ta ja birki. In filayen gasa da na atisaye ba su zo iri ɗaya ba, 'yan wasa za su gane tun bugun farko. Ƙwallo shida ake wasa da su, a canja bayan gem bakwai na farko, daga nan kuma duk bayan tara, don an lissafa ɗumama jiki a matsayin gem biyu. Yaran da ke tsintar ƙwallo an horar da su makonni, domin daƙiƙa 25 ce kawai tsakanin maki da maki, hutun sauya gefe kuma daƙiƙa 90. A ɗakin ɗaurin raket injuna ba sa tsayawa har tsakar dare, kowace 'yar wasa da irin taurin igiyar da take so, kuma takan sauya shi in ta bar busasshiyar hamada ta koma wuri mai laima, ko ta hau tudun Madrid inda iska ba ta da kauri. Akwai mai auna zafi, domin tun 1992 mata ke da dokar hutun minti goma kafin turmi na uku in ma'aunin ya kai 30.1. Akwai kuma masu tsaro da ke tsaye bayan kujerar 'yar wasa suna fuskantar jama'a, ba fili ba. Wannan tsayuwa tana da tarihi mai ɗaci: ranar 30 ga Afrilun 1993, a Hamburg, wani ɗan kallo ya daɓa wa Monica Seles wuƙa a baya tana zaune a hutun sauya gefe, a lokacin ita ce ta ɗaya a duniya.

Duk wannan ba a haɗa shi cikin gaggawa. An gwada a Cancún ta Meziko a 2023, inda aka sanar da wurin gasar rufe shekara saura makonni kaɗan. Filin wucin gadi ne, ana gama shi ana fara wasa, ga iska ga ruwa, ƙwallo tana tashi yadda ta ga dama, har Sabalenka ta ce an raina su. Wasan ƙarshe sai Litinin aka buga shi. Indian Wells kuwa ma'aikatanta shekara guda suke yi suna shirin mako biyu, kuma a 2025 waɗanda suka shiga ƙofarta sun haura rabin miliyan.

Akwai wurin da nake ganin takardar nan ta fi ƙarfin lissafi, ta zama hukunci a kan darajar mutane. Wanda aka sa a babban fili da dare, an gaya wa duniya shi ne abin kallo. Gasar Faransa, wadda ba ta WTA ba ce, ta yi 2024 da 2025 ba ta sa wasan mata ko ɗaya a zamanta na dare ba, bisa hujjar cewa turmi biyu na iya ƙarewa da wuri mai tikiti ya ga an cuce shi. Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ci gasar matakin 1000 a Madrid a 2022, ta yi ta sukar wannan. Amsar matsalar kuwa a hannun masu tsari take, kuma gasanni irin su Indian Wells da na Amurka sun daɗe da samo ta: a sa wasa biyu a zaman dare, ɗaya na mata ɗaya na maza. Batun kuɗi ma yana bin sawu. Indian Wells da Miami da Madrid suna biyan mata da maza daidai, kuma a 2023 WTA ta sa wa'adin 2027 ga sauran manyan gasannin haɗin gwiwa, da 2033 ga waɗanda mata ke yi su kaɗai.

Zuwa ƙarshen mako na biyu takardar ta rame. Shafin da ya cika maƙil da sunaye a kwanakin farko ya koma layi uku ko huɗu, filayen gefe an kulle su, motocin da ke jigilar 'yan wasa sun fi zuwa filin jirgi. Ranar Lahadi, kamar yadda aka yi a 2025 lokacin da Mirra Andreeva mai shekara 17 ta doke Sabalenka, ana miƙa kofi a gaban kyamarori. A daidai lokacin, a ɗaya gefen Amurka, inda agogo ke gaba da awa uku, an riga an kafa filin tanis a tsakiyar filin ƙwallon Amurka na Hard Rock da ke Miami, gidan gasar tun 2019. Waɗanda aka fitar da wuri sun kwana biyu a can suna atisaye cikin gumi, masu share fage suna duba sunayensu a allo, kuma a wani ɗaki mara taga wasu mutane sun zauna da sabuwar takarda, suna gardamar wane rabin jadawali ne zai fara.